Kifi mai kunya da busasshiyar tsutsa

A birnin Abijan na ƙasar Kwaddibuwa akwai wata unguwa da ake kira Ajame (Adjamé). An daɗe da sanin ta saboda babbar kasuwarta da babbar tashar motoci. Daga nan motoci suke tashi zuwa Yamusukuro da Buwake da Korogo, har da ƙasashen maƙwabta. Mutanenmu da yawa da suka tafi Abijan neman abin kansu, a Ajame suka fara sauka, bayan tafiyar fiye da kilomita 1,500 daga Yamai.

Tashar ba ta yin shiru. Ƙananan motocin da ake ce wa gbaka suna ta busa ƙaho. Yaran mota suna kiran sunayen unguwanni. Ƴan dako suna cewa a ba su hanya. A gefe kuma ga masu sayar da abinci. Wanda ya fi farin jini shi ne garba, wato aceke na rogo da soyayyen kifin ton, da barkono da albasa da tumatir. Sunan Garba ba baƙo ba ne a kunnenku. Ana cewa an sa wa abincin wannan suna ne domin ƴan Nijar sun yi yawa cikin waɗanda suka fara sayar da shi.

Mu ɗauki misalin wani yaro da ya sauka a tashar tare da kawunsa. Kawun ya ba shi kuɗi ya ce ya je ya sayi garba. Yaron ya tarar da mutane sun yi cincirindo a gaban rumfa. Kowa yana miƙa hannu, kowa yana ɗaga murya. Shi kuwa baƙo ne, ga kunya. Sai ya tsaya a baya da kuɗinsa a hannu. Can kawun ya zo ya same shi.

"Ɗana, ka ci?"

"A'a, Kawu."

"Abincin ya ƙare ne?"

"Bai ƙare ba. Mutane ne suka yi yawa."

Ga abinci, ga kuɗi, amma yaro yana jin yunwa. Abin da ya sami wannan yaro, shi ne yake samun waɗansu kifaye a kowace rana, har ya kai su ga mutuwa.

Kifin da ba na miya ba

A manyan birane irin su Abijan, akan ga akwatin gilashi cike da ruwa a cikin otel ko kanti ko falon wani gida. A cikin ruwan akwai yashi da duwatsu da ganyaye, da ƙananan kifaye suna yawo. Da Faransanci ana kiran wannan akwati aquarium. Kifayen ba na miya ba ne. Ana ajiye su domin kallo, kamar yadda wani yake kiwon tantabaru ko aku.

Masu ilimi ma suna ajiye kifi, amma don bincike. Idan aka bar Ajame aka nufi kudu, aka haye gadar Houphouët-Boigny da aka gama ginawa a 1957, sai a shiga unguwar Tireshbil (Treichville). Gadar tana kan tafkin Ebiriye (Ébrié), wanda tsawonsa ya wuce kilomita 100, ruwansa kuma na zartsi ne saboda yana haɗuwa da teku. A wannan ɓangaren ne tashar jiragen kamun kifi take, inda ake sauke kifin ton na garba. A nan kuma akwai cibiyar binciken teku da ake kira Centre de Recherches Océanologiques. Masananta sun yi shekaru suna nazarin kiwon karfasa da dangin tarwaɗa. Tambayar da mai kiwon kifi yake fara yi ita ce: wannan kifi, me yake ci a gidansu, a ina yake ci, kuma da wane lokaci?

Kifaye ba halinsu ɗaya ba. Waɗansu kamar yaran mota suke. Da an buɗe murfin akwati sai su taso sama, su cinye abinci tun bai nutse ba. Waɗansu kuwa suna maƙale a bayan dutse, ba su fitowa sai wuri ya yi shiru. Mu mukan ce suna da kunya. A gaskiya tsoro ne da dabarar tsira. A cikin kogi, ƙaramin kifin da ya fito fili da rana tsaka, tsuntsu ko babban kifi ne zai yi kalaci da shi.

Mai-hannun-giwa

Ɗaya daga cikin kifayen da suka fi kunya, ɗan Afirka ne. Ana samun sa a ƙasan kogin Kwara cikin Nijeriya, da kogin Shari, da kogin Kwango. Dangin kifin nan ne da masunta suke ce wa miligi. Da Faransanci sunansa poisson-éléphant. Kada ku ɗauka giwan ruwa ne. Giwan ruwa ƙato ne, wannan kuwa a cikin akwati da wuya ya wuce santimita 25. Jikinsa baƙi-baƙi ne, da zane biyu masu haske a kusa da wutsiya. A gaban kansa akwai wani abu dogo mai lanƙwasa kamar hannun giwa. Mu kira shi mai-hannun-giwa. Wani masani mai suna Albert Günther ne ya fara bayyana shi a littafin kimiyya a 1862. Sunansa na kimiyya yanzu shi ne Gnathonemus petersii.

Wannan dogon abu ba hanci ba ne, ba kuma baki ba ne. Haɓarsa ce ta yi tsawo. Bakin ɗan ƙarami ne, yana sama da ita. Da haɓar yake tonon laka da dare, yana neman tsutsotsi.

To, yaya yake ganin tsutsa cikin duhu, a ruwa mai laka? Kun san minjirya, kifin da yake girgiza hannun wanda ya taɓa shi. Mai-hannun-giwa ma yana da lantarki, wato kuran, a gindin wutsiyarsa. Amma nasa ba shi da ƙarfi. Ko kun riƙe shi ba za ku ji kome ba. Yana sakin lantarkin kaɗan-kaɗan, sau da yawa cikin daƙiƙa guda, ya bazu cikin ruwan da ke kewaye da shi. Idan lantarkin ya ci karo da dutse ko saiwa ko tsutsa, sai yanayinsa ya sāke. Fatar kifin tana jin wannan sauyi, musamman fatar haɓar. Ta haka yake rarrabe abu mai rai da marar rai, ko da abin yana binne a yashi. Kamar mai tafiya cikin duhu ne da sanda a hannu, sai dai sandar wannan kifi tana taɓa kowane gefe a lokaci ɗaya.

Wanda ya fara gano irin wannan lantarki marar ƙarfi shi ne Hans Lissmann na jami'ar Kambirij a Ingila, a 1951. Da wani kifinmu ya yi aikin, wato yauni, wanda ake kuma ce wa ɗan sarki. Ya lura yauni yana iya yin iyo da baya ba tare da ya buge kome ba. A 1996 kuma wani masani ɗan Suwidin, Göran Nilsson, ya auna ya ga ƙwaƙwalwar mai-hannun-giwa tana cinye kusan kashi 60 cikin 100 na iskar oksijan da jikinsa yake amfani da ita. Ta ɗan Adam kashi 20 take ci. Ashe kifin da ke ɓoye a bayan dutse ba wawa ba ne.

Akwai abin da ya kamata mai sayen wannan kifi ya sani. Ba a kiwonsa ya hayayyafa a gonakin kifi kamar karfasa. Waɗanda ake sayarwa a kantunan Turai da Asiya da Amurka, daga kogi aka kamo su, da yawa daga Nijeriya. An sa su cikin leda mai ruwa da iska, an ɗora su a jirgin sama. Duk wanda yunwa ta kashe a cikin akwati, sai an koma kogi an kamo wani.

Tsutsa iri biyu

Masu akwatin kifi sun fi amfani da tsutsa iri biyu, duka jajaye. Ta farko sunanta tubifex. Ƴar'uwar tana ce, amma siririya kamar zare. Tana cusa kanta cikin laka, ta bar wutsiyarta a waje tana kaɗawa. Ta biyu Faransawa suna ce mata ver de vase, wato tsutsar laka. Ita ɗiyar wani ɗan ƙwaro ce mai kama da sauro, amma ba ya cizo. Dukansu ja ne saboda jininsu yana ɗauke da irin sinadarin da ya sa namu jinin ya zama ja. Shi ne yake taimaka musu su rayu a laka inda iska ta yi ƙaranci.

Kifi yana son su da rai. Amma tsutsa mai rai tana da matsala. Tubifex ta fi yawa a ruwa mai ƙazanta, kamar inda magudanar gari take zuba, don haka takan zo da ƙwayoyin cuta. Ba ta kuma daɗewa. Kwana kaɗan sai ta mutu ta yi ɗoyi. Ana iya daskarar da ita a firigo, amma idan kuran ya ɗauke sai ta narke ta lalace. Wanda zai hau mota a Ajame ya yi kwanaki a hanya ba zai iya ɗaukar ta ba.

Matafiyanmu sun daɗe da sanin maganin irin wannan matsala. Guzurinsu busasshe ne: kilishi, da garin rogo, da dabino. Abin da ba shi da ruwa ba ya saurin ruɓewa, domin ƙwayoyin da suke ruɓar da abinci ba su iya aiki sai da ruwa. Jikin tsutsa kuwa, wajen kashi 8 cikin 10 ruwa ne. Idan aka shanya ta a rana sai ta ƙanƙance, ta yi baƙi, ta yi tauri kamar tsinke. Kun ga yadda tumatir yake komawa idan ya zama kauɗa. Saboda haka aka nemi wata hanya.

Busarwa da sanyi

Da Faransanci ana kiran wannan hanya lyophilisation. Kalmar tana da wuyar faɗi, amma aikin ba shi da wuyar ganewa.

Kun taɓa ganin kafur da uwa take sawa cikin akwatin tufafi? Bayan wata biyu sai a ga ya ƙanƙance. Daga baya ya ɓace ɗungum. Amma tufafin ba su jiƙe ba. Kafur bai narke ya zama ruwa ba. Daga tauri ya wuce kai tsaye ya zama iska, ita ce ƙamshin da muke ji. Ƙanƙara ma tana iya yin haka, idan aka rage nauyin iskar da ke danne ta.

Ga yadda ake yi a masana'anta. Ana wanke tsutsotsin sarai. Ana zuba su a faranti, a daskarar da su da sanyi mai tsanani, sau da yawa har digiri 40 ƙasa da sifiri. Ruwan jikinsu duka ya zama ƙanƙara. Sai a sa farantin cikin wata babbar tukunyar ƙarfe, a rufe ta ruf. Wani inji ya zuƙe iskar da ke ciki, har abin da ya rage bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Daga nan a ɗan ɗumama farantin a hankali. A wannan hali ƙanƙara ba ta narkewa. Tana tashi ne ta zama tururi. Tururin ya tafi wani sashe na injin da ya fi sanyi, ya sake daskarewa a can. Aikin yakan ɗauki yini da kwana, ko fiye.

Idan aka buɗe tukunyar, za a ga tsutsa tana nan da siffarta da girmanta. Sai dai duk inda ƙanƙara ta zauna a jikinta ya zama ɗan rami. Ta koma kamar soso, ba ta da nauyi ko kaɗan. Da yake ba a dafa ta ba, yawancin amfaninta yana nan. Kusan rabin nauyinta abinci ne mai gina jiki. Tubifex akan yanka ta ƙananan dunƙule masu kusurwa kamar sukari, a zuba a gwangwani.

Wannan dabara tana da tarihi. Mutanen duwatsun Andes, a ƙasashen Peru da Bolibiya, sun yi ɗaruruwan shekaru suna shimfiɗa dankali a waje da dare ya daskare, da rana su tattake shi su bar shi ya bushe. A 1906 Faransawa biyu, Arsène d'Arsonval da Frédéric Bordas, suka gwada yin aikin da inji a Paris. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1939 zuwa 1945, aka yi amfani da hanyar wajen busar da ruwan jini da maganin penisilin domin a kai wa sojojin da suka ji rauni. Daga baya aka shiga busar da kofi da abincin masu zuwa sararin samaniya. Abincin kifi ya bi sahu.

Yadda ake ciyar da mai kunya

Yanzu ga gwangwanin tsutsa a hannu. An gama ke nan? A'a. Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure.

Busasshiyar tsutsa cike take da iska, don haka tana yawo a saman ruwa. Kifaye masu rawar kai su ne za su cinye ta. Mai-hannun-giwa yana can ƙasa. Bakinsa bai saba ɗaukar abu daga sama ba. Mai akwatin yana ganin abinci ya ƙare, yana murna, bai san akwai wanda ya kwana da yunwa ba. Bayan mako uku ko huɗu sai cikin kifin ya shafe, bayansa ya yi kaifi kamar wuƙa. Idan ya kai haka, ceto shi yana da wuya.

Abu na farko shi ne a jiƙa tsutsar. A ɗebi ruwan akwatin a ƙaramin kofi, a sa ta ciki na ƴan mintoci, a matse ta da yatsa iskar ta fita. Sai ta yi laushi, ta kuma iya nutsewa. Idan dunƙulen tubifex ne, ana iya sa hannu cikin ruwa a manna shi a jikin gilashi, can ƙasa kusa da maɓoyar kifin. Zai maƙale a wurin, kifi ya riƙa tsattsaga.

Sai lokaci. Kawun yaron nan na Ajame, da ya ga abin da ya faru, zai iya cewa: "Bari mutane su ragu, sai mu koma." Haka ake yi wa kifi. A fara ciyar da masu rawar kai da sauran haske, a wani gefen akwatin, har su ƙoshi. Bayan magariba a kashe fitila. A jira kamar rabin awa. Sa'an nan a kai wa mai kunya nasa. Kullum a wuri ɗaya, kullum a lokaci ɗaya. Kifin nan yana da ƙwaƙwalwa, zai riƙe. Waɗansu har sukan saba su karɓi tsutsa daga hannun mai su.

Wani lokaci za a yi duk wannan, amma kifin ya taɓa tsutsar da haɓarsa ya wuce. A kogi ya saba da tsutsa mai motsi da ƙamshi. Wannan kuwa tana kwance kamar ɓawon itace. Sabon kamu ya fi yin haka. Kada a yi fushi da shi. A fara ba shi abin da ya sani, kamar tana ƙarama da aka wanke aka yayyanka, ko tsutsar da aka daskarar. Sai a riƙa gauraya busasshiyar a ciki kaɗan-kaɗan. Ko bayan ya saba, kada busasshiya ta zama ita kaɗai ce abincinsa. Ku ma ba za ku so a ba ku kilishi safe da rana da dare ba.

Kifi ba ya cin abinci idan hankalinsa bai kwanta ba. Mai-hannun-giwa yana bukatar akwati mai cin lita 200, wato cikin babbar ganga guda. A shimfiɗa masa yashi mai laushi, domin tsakuwa mai kaifi tana yi wa haɓarsa rauni. A sa masa wurin ɓuya, kamar guntun tiyo mai faɗi ko fasasshiyar tukunyar ƙasa. Abin mamaki, kifin da yake da maɓoya da yawa ya fi fitowa fili, domin ya san inda zai gudu. Kada a kunna masa fitila farat ɗaya cikin duhu, don kifi ba shi da fatar ido da zai rufe. Kada kuma a ƙwanƙwasa gilashi. Yara suna son yin haka ƙwarai. Ƙara tana gudu cikin ruwa fiye da sau 4 na gudunta cikin iska, kuma kifi yana jin girgiza da wani layi da ke gefen jikinsa tun daga kai har wutsiya. Ɗan ƙwanƙwasawar da kuka yi da farce, a wurinsa kamar an buga ganga ne a bakin kunne.

Akwai kuskuren masu tausayi. Suna ganin kifi bai ci ba, sai su ƙara zuba abinci. Abincin da ya kwana cikin ruwa yana ruɓewa. Ruɓewar tana cinye iskar da kifi yake shaƙa, tana kuma haifar da wata guba mai suna amoniya, mai warin tsohon fitsari. A ba shi kaɗan. Da safe a duba, a kwashe abin da ya rage. Idan za a ƙara ruwan famfo, a bar shi ya kwana ɗaya ko biyu a buɗaɗɗen bokiti, domin maganin da ake sa masa don kashe ƙwayoyin cuta yana cutar da kifi.

Gwangwanin ma yana son kula. Tsutsar da ta zama soso tana tsotsar laima daga iska. A Maraɗi ko Zinder lokacin hunturu wannan ba abin damuwa ba ne. Amma Abijan tana bakin teku, ruwan saman da take samu a shekara ya ninka na Yamai wajen sau 3, iskarta kuma kullum da laima. Idan aka bar gwangwani a buɗe a can, tsutsar takan yi laushi ta yi fumfuna. A rufe shi gam bayan an ɗiba, kada a sa jiƙaƙƙen yatsa a ciki. A wanke hannu bayan an taɓa ta, kada kuma a shaƙi garinta, domin tana sa waɗansu mutane atishawa da ƙaiƙayin ido.

Aikin yi

Ku roƙi malam ya kawo kafur guda biyu. Ku sa ɗaya cikin kwalba ku rufe, ɗayan ku ajiye shi a faranti a kan taga, inda ƙananan yara ba za su kai hannu ba, domin kafur guba ne idan aka haɗiye shi. Ku riƙa duba su kowace Litinin, kuna rubuta abin da kuka gani a littafinku.

Tambayoyi

1. Me ya hana yaron tashar Ajame cin garba?
2. Da me mai-hannun-giwa yake gane tsutsa cikin duhu?
3. Ina ruwan jikin tsutsa yake tafiya idan an busar da ita da sanyi?
4. Ku tambayi wani masunci ko mai sayar da kifi a garinku: waɗanne kifaye ne suka fi fitowa da dare?